Yadda A Ke Shirya Kenel Domin Inji Mai Cibiyoyi Da Yawa

Ran nan bayan mun tashi daga darasi wani ɗalibi ya tsai da ni a baranda, ya ce, "Malam, na karanta wai akwai kwamfuta mai cibiyar lissafi 64. Ashe ke nan ta fi mai cibiya ɗaya sauri sau 64?" Na ce masa a'a, amma kafin in ba shi dalili aka kaɗa ƙararrawa. To, ga dalilin yanzu. Na kuwa sa shi a wannan shafi ne don na tabbata ba shi kaɗai ke wannan zato ba, ga shi kuma yawancinku za ku fita ku koya wa yara abin da kuka ɗauka daga nan.

Bari mu fara da sunaye don kada mu ɓace a hanya. A cikin ko wace kwamfuta akwai wani ɗan falle, galibi faɗinsa bai fi na kan sarki ba. Shi a ke kira farosesa, shi ke yin lissafi duka. A da ma'aikaci guda ne a cikinsa, yana ɗaukar umurni ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma'aikaci shi za mu riƙa kira cibiya. Shekara da shekaru babbar dabarar maƙera ita ce su ƙara wa cibiyar nan gaggawa, har wajen 2004 suka ci karo da zafi. In an ƙara mata sauri sai ta sha wuta, ta ɗau zafin da ba a iya sanyaya shi da sauƙi. Sai suka sake shawara, suka koma zuba cibiya biyu, huɗu, takwas a falle guda.

Kenel kuwa kalmar Ingilishi ce, ma'anarta ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ta gyaɗa. A sha'anin kwamfuta shi ne shirin da ke tsaye tsakanin ƙarfen inji da sauran shirye-shiryen da mu ke taɓawa. Aikinsa irin na hedimasta ne. Shi ke cewa wane aiki zai hau wace cibiya, har tsawon wane lokaci, a ina za a ajiye kayansa, wa kuma zai jira wa. Wanda za mu yi magana a kansa shi ne na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Wayar Android da ke aljihunka, mai karatu, kenel ɗin Linux ne a cikinta.

Rubutun asali na Linux a buɗe ya ke, kowa na iya ɗauka, amma ba a sa shi cikin inji haka nan. Yadi ne, sai an yi awo an yanka. Rubutu ɗaya ne ke hidimar waya da agogo da manyan injunan jami'o'i, saboda haka kafin a gina shi sai maginin ya amsa tambayoyi, sun kuwa haura dubu goma. Yawancinsu amsarsu harafi ɗaya ce cikin uku. In ka sa y, ka ce a ɗinke wannan sashe a jikin kenel. In ka sa n, a bar shi. In ka sa m, a gina shi daban a ajiye, sai ran da bukata ta taso a ɗauko. Waɗansu kuma lamba su ke so. Amsoshin duka a kan tara su cikin fayil guda mai suna .config, shi ne takardar awo. Sa'an nan a miƙa rubutun da takardar ga wani shiri da ke aikin tafinta, ya juya su zuwa harshen da farosesa ke ji.

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki inji guda na gaskiya mu bi shi. A 2004 wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Anant Agarwal, shi da abokansa suka kafa kamfani mai suna Tilera. A 2007 suka fito da farosesa TILE64, mai cibiya 64, takwas a tsaye takwas a kwance, kamar gidajen dara. Ko wace cibiya tana da 'yar mararraba da ke haɗa ta da maƙwabtanta na gabas da yamma, kudu da arewa, saƙo kuma ya kan bi gida gida har ya kai inda za shi. Ko wane gida sun kira shi tayil, don ya yi kama da tayil ɗin daɓe. In ka ɗauki cibiya ɗaya ita kaɗai, ba ta kai ta kwamfutar ofis ta wannan zamani ƙarfi ba, yawa ne makaminsu. Daga baya suka yi jerin TILE-Gx, har da mai cibiya 72. A 2010 aka karɓi sashen Tilera cikin babban rubutun Linux, a fitowa ta 2.6.36.

Amsar farko ba ta cikin jerin tambayoyin ma, tun a bakin ƙofa a ke ba da ita, watau wane dangin farosesa a ke yi wa gini. Tilera na da dangi biyu, TILEPro mai aiki da lambobi masu faɗin bit 32, da TILE-Gx mai 64. Magini ya kan rubuta make ARCH=tilegx, daga nan tambayoyin da ba su shafi wannan dangi ba su ɓace. Da ya ke a kwamfutar tebur a kan yi ginin, sai kuma a nemo tafinta mai jin harshen Tilera, gama na kwamfutar teburin harshen Intel ko AMD ya sani. Ba wanda ke amsa tambaya dubu goma daga fari. Masu kula da ko wane dangi su kan ajiye takardar awo da suka riga suka cika, ta wannan dangi sunanta tilegx_defconfig. Ita a ke ɗauka, sa'an nan a buɗe make menuconfig a gyara abin da ke bukatar gyara. Ina gargaɗin mai koyo kada ya buɗe .config ya sake amsa da hannu. Tambayoyin sarƙe su ke da juna, wata ba ta tsayuwa sai an amsa wata, in kuwa ka sa y inda sharaɗi bai cika ba, sai a share amsarka wajen gini, kai ba ka lura ba.

Babbar tambaya ita ce CONFIG_SMP, watau ko za a bar cibiyoyi da yawa su yi aiki tare a ƙarƙashin kenel guda. Amsarta i ce, ba shakka. Amma a nan ne amsar ɗalibina ta ke, don haka bari mu daɗe kaɗan.

A ce makaranta na da malamai 64, amma ɗakin ajiye alli da littattafai ɗaya ne, makullinsa ɗaya. Duk mai son alli sai ya jira wanda ya shiga ya fito ya miƙa masa makulli. Ƙara malamai ba ya ƙara karatu, layi kawai ya ke ƙarawa. Haka Linux ya fara. Sa'ad da fitowa ta 2.0 ta zo a 1996 da iya aiki da farosesa fiye da ɗaya, makulli guda aka yi wa kenel duka, cibiya ɗaya ce ke iya shiga ciki a lokaci guda. Ga inji mai farosesa biyu abin bai yi muni ba. Aka yi ta rarraba ɗakin nan zuwa ƙananan akwatuna, ko wanne da nasa kwaɗo, aikin bai ƙare ba sai 2011, a fitowa ta 2.6.39, da aka cire ragowar babban makullin. Shekara 15 ke nan.

Ko da an rarraba makullai, ko wane aiki yana da wani yanki da ba ya rabuwa. Gene Amdahl ya bayyana wannan tun 1967, lissafinsa kuwa ɗan aji shida zai iya. Ɗauki aikin da cibiya ɗaya ke gamawa cikin minti 100, a ce minti 5 daga ciki tilas mutum ɗaya ya yi su, sauran suna jira. Raba minti 95 da suka rage ga cibiya 64, ko wace ta sami kimanin minti ɗaya da rabi. Haɗa da 5 ɗin nan, ya zama shida da rabi. Raba 100 da shida da rabi, za ka sami 15 da 'yan kai. Watau cibiya 64 ta ba ka saurin 15 kurum. Ko da za ka zuba cibiya dubu, ba za ka wuce 20 ba, don minti 5 ɗin nan suna nan daram. Masu zuwa aikin koyarwa na gwaji su riƙe wannan, misali ne mai kyau na rabawa. Sauran tambayoyin da za mu duba, kusan dukansu ƙoƙari ne na kada kenel da kansa ya ƙara wa minti biyar ɗin nan tsawo.

Ta gaba ita ce CONFIG_NR_CPUS, iyakar yawan cibiyoyin da kenel zai sani. Kamar rijista ce da malami ke ja wa layi tun kafin yara su zo. Kenel na ajiye wa ko wace cibiya nata lissafi, da nata layin ayyuka masu jira, to sai an faɗa masa gurbi nawa zai tanada. A sashen Tilera, in magini bai ce kome ba, 64 a ke sawa. To, ka ga tarko. Wanda ya gina da 64 ya sa a farosesa mai cibiya 72, in na Tilera ne kenel zai ƙi tashi, a dangin Intel da AMD kuwa inji zai tashi lafiya lau, ba abin da zai fashe, amma cibiya takwas za su zauna ba aiki, don ba sunansu a rijista. Sai wanda ya karanta saƙonnin da kenel ke rubutawa lokacin tashi, ko ya ƙirga da kansa, shi zai gane an yi asara.

Sai ka ce, to a sa babbar lamba mana a huta. Ita ma da kuɗinta. Bayanin da ke tare da wannan tambaya a dangin Intel da AMD ya ƙiyasta ko wane gurbi da kimanin kilobayit 8. Wannan ba kome ba ne ga babban inji, amma ga ɗan akwatin da ma'ajinsa kaɗan ne, tanadin gurbi ɗari biyar don cibiya huɗu ɓarna ce. Masu rarraba Linux ga jama'a su kan sa lamba babba, ba laifinsu, don ba su san injin da zai shiga ba. Wanda ya san injinsa ba shi da wannan uzuri.

Akwai kuma wata wahala da ke ɓoye a nan. Kenel ya kan so ya tuna waɗanne cibiyoyi ne ke barci, ko waɗanne aka yarda wani aiki ya hau. Ya kan yi haka da jerin bit, ɗaya ga ko wace cibiya. In cibiyoyi 64 ne, jerin lamba guda ce. In kuwa an sa 8192, wadda ita ce iyaka a dangin Intel da AMD, jeri ɗaya ya zama bayit 1024. Ɗan allon da kenel ke rubutun wucin gadi a kai ga ko wane aiki kuwa kilobayit 16 ne a wannan dangi, watau jeri 16 sun cika shi, in ya cika ya zube kuwa inji ya tsaya cik. Don haka ba a yarda a wuce 512 a can ba sai an ɗauke jerin nan daga kan allon an kai su babban ma'aji. Amsa y ga CONFIG_MAXSMP na yin abin biyu gaba ɗaya. Kada a zaci 512 ta yi nisa. A 2024 kamfanin AMD ya fito da farosesa mai cibiya 192, ko wace cibiya kuma kenel na ƙirga ta biyu, don tana riƙe aiki biyu a lokaci guda. Sa irinsa biyu a inji ɗaya, rijista na bukatar layi 768.

Daga nan sai maganar nisa. Babban ma'ajin da a ke zuba kayan aiki a ciki ba a cikin farosesa ya ke ba, a waje ya ke, ta ƙofofi a ke kai masa. TILE64 na da irin ƙofofin nan huɗu a gefensa. Tayil ɗin da ke kusa da ƙofa ɗaya, nesa ya ke da wata, saƙonsa sai ya ratsa gidaje da yawa kafin ya kai. Tambayar CONFIG_NUMA ita ke koya wa kenel cewa ma'aji unguwa unguwa ne, ya yi ƙoƙari ya ajiye kayan ko wane aiki kusa da cibiyar da ke yinsa. Tana da ƙanwa, CONFIG_NODES_SHIFT, mai tambayar unguwa nawa, sai dai amsarta ba adadin ba ne, sau nawa za a ninka biyu ne. In ka sa 2, ka ce huɗu. In ka sa 4 kana nufin huɗu, ka ce 16.

Girman shafi ba zan daɗe a kansa ba. Kenel na yanka ma'aji shafi shafi, ko wace cibiya kuma tana da ɗan aljihu da ta ke riƙe adireshin 'yan shafukan da ta taɓa kwanan nan. In adireshi ba ya aljihu sai ta tsaya a nemo. A kwamfutar tebur shafi kilobayit 4 ne, gigabayit ɗaya shafi 262,144 ke nan. Tilera suka zaɓi kilobayit 64, gigabayit ɗin ya koma shafi 16,384, tsayawa ta ragu. Amma ɗan fayil mai layi uku shi ma shafi guda zai cinye a ma'aji, komi girman shafin. Injin da ke juya manyan kaya ya ci riba, mai juya dubban ƙananan fayiloli ya yi asara.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce maganar ƙararrawa. Tun asali kenel na da agogo da ke katse ko wace cibiya sau da yawa a cikin sakan guda, don ya duba ko lokacin wannan aiki ya ƙare a ba wani. CONFIG_HZ ke faɗin sau nawa, zaɓin da aka saba 100 ne, ko 250, ko 300, ko 1000. Ɗauki 250 ka ninka da cibiya 64, katsewa 16,000 ke nan ko wane sakan. Ku da kuka san yadda ƙararrawa ke yanke wa malami bayani a tsakiya, kun san ba kaɗawar kaɗai ce asara ba, har da lokacin da a ke ɗauka kafin hankali ya dawo. Haka cibiya, in an katse ta, abin da ke aljihunta ya kan hargitse.

Inda cibiya ɗaya ke hidimar ayyuka ashirin, ƙararrawa tilas ce. Amma inda cibiyoyi suka yi yawa har an ba wata aiki guda tak, me za a katse ta a duba? Farosesan Tilera kuwa galibi irin wannan aiki aka saye su yi. Kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya ya sa su cikin akwatunan rarraba intanet, CCR1036 mai cibiya 36 da CCR1072 mai 72. A layin da ke ɗaukar gigabit 10, ƙananan ƙunshin saƙo na iya zuwa kusan miliyan 15 a sakan guda. A ce katsewa ɗaya ta ci kashi biyar cikin miliyan na sakan, ƙunshi wajen 75 sun taru a bakin ƙofa ke nan, in wurin jira ya cika kuwa sai a zubar da sauran.

An magance abin hawa biyu. A 2007 Linux ya koyi daina kaɗa wa cibiyar da ke zaune ba aiki, wannan ya rage shan wuta ƙwarai. A 2013, a fitowa ta 3.10, aka kawo CONFIG_NO_HZ_FULL, mai ɗauke ƙararrawa daga cibiyar da ke da aiki guda kaɗai. Amsa y ita kaɗai ba ta isa ba. Sai an kuma lissafa wa kenel, lokacin tashi, waɗanne cibiyoyi a ke nufi, tilas kuma a bar aƙalla ɗaya tana riƙe da agogo da sauran hidimomin gida a madadin 'yan'uwanta. Ribar ba kyauta ba ce, don duk sa'ad da aikin da ke kan irin cibiyar nan ya shiga kenel neman wani abu, shiga da fita sun ɗan ƙara tsada. A ganina wanda injinsa na rubutu ne da duba intanet ba ruwansa da wannan tambaya. Na kan ga masu koyo suna sa y ga duk abin da sunansa ya yi kama da sauri, sa'an nan su yi mamaki da ba su ga bambanci ba.

In an gama amsa sai gini. A nan kam yawan cibiyoyi na biya sosai, gama fayilolin dubbai ne, yawancinsu kuma ba ruwan wani da wani. In ka rubuta make -j64, fayil 64 za a riƙa fassarawa gaba ɗaya, sai a ƙarshe wurin haɗa su a dunƙule ne a ke komawa jiran ma'aikaci guda, minti biyar ɗin Amdahl ke nan sun sake fitowa. Kuskuren da ya fi kama mai koyo a tashin farko ba na cibiyoyi ba ne ma. Shi ne ya sa m ga sashen da ke karanta faifan da kenel zai tashi daga kansa, bai kuwa tanadi wata hanyar ɗauko shi ba. Ya kulle makulli a cikin ɗaki ke nan. Saboda haka ba a share tsohon kenel sai sabon ya tashi an gwada shi.

Shi Tilera fa, ina ya ƙare? Kamfanin EZchip ya saye shi a 2014, Mellanox ya sayi EZchip a 2016, Nvidia kuma ya sayi Mellanox a 2020. Sababbin masu shi suka koma gina farosesansu da cibiyoyin ARM, sashen tile na cikin Linux ya rasa mai bukatar a ci gaba da shi. A 2018, a fitowa ta 4.17, aka cire shi tare da waɗansu dangogi bakwai da su ma aka daina yayinsu. Arnd Bergmann ne ya jagoranci wannan shara, shi ne kuma ya cire ragowar babban makullin nan a 2011. Wanda ke da injin Tilera a yau, in yana son gina masa kenel daga babban rubutun Linux, sai ya koma fitowa ta 4.16 ko wadda ta gabace ta. Tambayoyin da muka bi kuwa, ta rijista da ta unguwanni da ta ƙararrawa, suna nan a dangin ARM da na Intel da AMD da sunayensu.

Wanda ke so ya gani da idonsa ba sai ya gina kome ba. Ya sami kwamfuta mai Linux, ya rubuta nproc, za ta faɗa masa cibiya nawa ke aiki. A yawancin irin su Ubuntu da Debian, takardar awon kenel ɗin da ke ciki tana nan a jakar /boot, sunanta ya fara da config. Ya buɗe ta ya nemi layin CONFIG_NR_CPUS da na CONFIG_HZ, ya kwafe lambobin a littafinsa, ya kawo mini aji mu ninka tare.